Fijo 504 da begen manyan motocin iyayenmu

In tsohuwar Fijo 504 mai lafiyar jiki ta gifta a titin Kaduna ko Kano a yau, duba fuskokin waɗanda suka haura shekara arba'in. Sai sun bi ta da kallo har ta sha kwana. Wannan ya ce irin ta mahaifinsa ce, fara mai jan kushin. Wancan ya ce a irinta aka ɗauko amaryar yayansa daga Zariya. Na uku ya girgiza kai ya ce, "Ai an daina ƙera mota." Haka ake yi wa Marsandi 200 da 230 masu dogon gaba, da Volvo 244, da Fijo 505. Alhali kowa ya san motocin nan ba su kai na yanzu gudu ba, ba su kai su sanyin ciki ba, wajen shan mai kuwa ba a magana. Duk da haka begen yana nan daram, kuma ba na raina shi, don ni ma ina cikin masu yinsa. Abin da nake so a rarrabe shi ne nawa ne daga cikin begen nan motar ta cancanta da kanta, nawa ne na zamanin da ta zo a cikinsa, nawa ne kuma zuciya ta ƙara wa gishiri.

Motar dai tana da hujjarta. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, shekara na zagayowa aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Tun farko ba don mu aka yi ta ba. An yi ta ne don likita da lauya da babban ma'aikacin Faransa, mutum mai iyali da ke son zama mai daɗi a doguwar tafiya. Sai dai Faransawa sun saba yi wa motocinsu sifirin da shokozoba masu laushi da nisan lotsawa, saboda hanyoyin karkararsu ba sumul suke ba, don haka taya sai ta faɗa rami ta fito wanda ke zaune a baya bai ji a ƙugunsa ba. Inji yana gaba, tayoyin baya ke turawa, furofelar da ke kai ƙarfi baya kuma tana cikin bututun ƙarfe, dutse ba ya samunta. Cikin motar ya ɗago daga ƙasa sosai. Abin da aka tsara don jin daɗin Bafaranshe shi ne ya zo ya dace da hanyar burji mai gargada. A 1975 direban nan ɗan Sweden, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, kuma a shekarar motar ta ci gasar Maroko da ta Bandama a Kwaddebuwa. Matasan Turawa ma sun gane darajarta a nan: a shekarun 1970 da 1980 sukan sayi tsohuwa a Faransa, su keto Sahara da ita ta Tamanrasset, su faɗo Arlit da Agadas, su sayar a Nijar, su hau jirgi su koma gida.

Wanda bai taɓa ɗaga bonet ɗin 504 ba ba zai gane dalilin da ya sa tsofaffin kanikawa ke ƙaunarta ba. Inji ne mai silinda huɗu a kishingiɗe gefe guda, ga fili a kewaye da shi har kana hango ƙasa. Komai a bayyane: ga kafireto, ga distributa, ga fulogi huɗu, ga fanbel, ga lagireto. In ta yi gardama da safe, bakanike zai zo da sifana biyu-uku da sukudireba a aljihun riga. Ya buɗe murfin distributa ya goge kwantak da 'yar sanfefa, ya kwance jet ɗin kafireto ya hure shi da baki, ya ce a tayar. Sannan ya kara kunne, yana murɗa sukurun silo a hankali yana sauraro, har muryar injin ta kwanta. Maigida yana tsaye a kansa ya goya hannu a baya, yana kallo, yau da gobe shi ma ya iya rabin aikin. Na yarda motar zamani ta fi daɗewa ba ta lalace ba. Amma ranar da ta kunna maka wata fitila a dashbod, sai an jona ta da kwamfuta, sai an nemo wani abu da ba a gyarawa sai dai a canza, mai ita kuma yana tsaye a gabanta bai san komai a kanta ba. Mutum ya fi shaƙuwa da abin da ya san cikinsa, kuma wannan ɓangare na begen gaskiya ne tsagwaronta.

Inda begenmu ya sha bamban da na Bature mai kewar tsohuwar motarsa shi ne, a Kaduna ake haɗa tamu. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, aka buɗe masana'antar a Kakuri a 1975, maƙwabtaka da masaƙun da suka mayar da wannan yanki na Kaduna garin ma'aikata. A shekarar ne Volkswagen ya fara haɗa nasa motocin a Legas, daga baya manyan motoci suka biyo: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Kaduna tana nesa da teku, tashar jiragen ruwan Legas kuma a lokacin ta cushe da jiragen siminti, sai aka riƙa ɗauko kayan motar a jirgin sama daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. A tsaya a auna wannan. Inji da giya da ƙofofi suna zuwa ta sama, a haɗa, a sayar, kuma ciniki ya biya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin man fetur da ke yawo a ƙasar da irin ƙarfin da naira take da shi, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A shekarun ganiyarta masana'antar tana fitar da motoci dubun-dubata a shekara, dubban gidaje suna ci daga gare ta. Faransa ta daina ƙera salun 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, ta zama wuri na ƙarshe a duniya da ake haɗa ta. Yaron da aka haifa a shekarar da aka buɗe Kakuri ya girma ya yi aure ya haihu ana kan fitar da 504 sabuwa dal.

To wa ke saye? A nan ne, a ganina, asalin ciwon yake. Ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati na kwamitin Udoji, da aka biya har da ariyas a farkon 1975, ya zo daidai da buɗe masana'antar. Wanda ya gama jami'a ya kama aikin gwamnati yana da damar karɓar bashin mota, a riƙa cira daga albashinsa kaɗan-kaɗan, ga alawus ɗin kula da ita a kai. Ya fara da Volkswagen ƙirar kunkuru, in ya yi gaba a aiki ya koma 504. Ma'aikata sun ɗauki abin a matsayin haƙƙi, har ma da aka soke bashin, dawo da shi yana cikin buƙatun da ƙungiyar ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tafi yajin aikin gama-gari a kansu a 1981. Wannan yaji ne ya haifar da mafi ƙarancin albashi na naira 125, wanda a canjin lokacin ya kai kusan dala 200. Na 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba. Dattijon da ke bin 504 da kallo yana tuna ranar da ya je wurin dila ya zaɓi launi, ya shiga motar da babu wanda ya taɓa zama a cikinta, leda tana kan kujeru, ya tuƙo ta gida da guminsa na malamin makaranta ko na ma'aikacin gona. Ɗansa, mai digiri biyu, ko a mafarki bai sa ran sayen sabuwar mota da albashi ba.

Akwai kuma siyasa a ciki. Janar Murtala Muhammad a cikin baƙar Marsandi aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, motar tana nan a gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta. Gwamnatin Obasanjo da ta gaje shi ta riƙe manufar rage ƙawa, ta mayar da 504 motar ofis ta manyan jami'ai har na ƙoli. Wannan ya ba motar wani matsayi da babu wata da ta sake samu. Ƙirar da babban sakatare ke hawa ita shugaban makarantar sakandare ke hawa, ita ce kuma ke lodi a tashar Kawo da Unguwa Uku, ita ke jigila tsakanin Katsina da Maraɗi. Bambancin yana ga lamba da direba da sheƙin fenti. Talaka da ya biya kuɗin kujera a tasha ya san daɗin zaman da babban mutum ke ji, don kujerar ɗaya ce.

Motar kuma ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da shi ya saya. A layin da gida ɗaya ne ke da mota, ita ce motar asibitin kowa. Naƙuda ta kama mace cikin dare, ƙofar mai Fijo za a ƙwanƙwasa, "Baba, don Allah a taimaka," kuma ba a taɓa jin ya ce babu mai. Ita ke kai amarya, ita ke taro alhazai, ita ke zuwa ta'aziyya ƙauye da buhun gero a but a dawowa. Ranar Asabar da safe yaran gida ne ke wankinta, babba yana riƙe da soso, ƙanana suna ɗauko ruwa, ana faɗa a kan wa zai goge zakin da ke gabanta. A ciki an lulluɓe kujeru da farin yadi mai ado, carbi yana lilo a madubi, kaset ɗin karatu yana tashi ƙasa-ƙasa. Wagon ɗinta mai layin kujeru uku kamar don gidan Bahaushe aka yi ta: maigida da babban ɗa a gaba, uwargida da amarya a tsakiya, yara a can baya sun juya suna kallon ƙurar da aka baro. Wanda ya taso a wannan kujera ta baya, in ya ga 504 yau, da mahaifinsa yake tunawa lokacin yana da ƙarfinsa, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a taga yana amsa gaisuwa.

Marsandi wani aji ne daban. Ƙirar da 200 da 230 ke cikinta, wadda Jamus ta yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kimanin miliyan 2.7, ba a nan ake haɗa ta ba, shigo da ita ake yi, don haka ta zama ta attajirai da 'yan kwangila da sarakuna. A Jamhuriya ta Biyu babbar Marsandi 500 ta dawo gidan gwamnati har mutane suka laƙaba mata sunan Shagari, daga baya wata Marsandin da ake kira V-Boot ta karɓi zamani. Volvo kuwa an fi ganinta wurin likitoci da malaman jami'a. Waɗannan yawancinmu daga nesa muka so su. Yaro ya leƙa ta gilashi ya karanta lambar ƙarshe a agogon gudu, ya taɓa tauraron da ke kan bonet kafin direba ya daka masa tsawa. Shi ma bege ne, amma na abin da ba a samu ba.

Sai dai zuciya tana tace abin da take tunawa. Masu mota a wancan zamani 'yan tsiraru ne, galibi ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar birni. Mafi yawan jama'a keke suke hawa, ko babur, ko kiya-kiya, ko bayan a-kori-kura tare da awaki. Sannan motocin nan sun ci rayuka. Babu jakar iska, birkinsu ba irin na yanzu ba ne, bel yana nan amma ba wanda ke ɗaurawa. Wagon mai ɗaukar mutum bakwai a cusa mata tara ko goma, a ɗaure kaya har but ba ya rufuwa, direba ya taka ta iya ƙarfinta a siririyar hanyar da ake gaba da gaba da tirela. Sai a 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, tilasta ɗaura bel kuwa sai 2003. Akwai gidaje da yawa da in an ambaci Fijo wagon zaman makoki suke tunawa. Kuma 'yan ƙalilan da muke gani yau suna sheƙi su ne waɗanda suka dace da mai kula. Dubban da tsatsa ta ci gindin ƙofofinsu an daɗe da yanka su a Panteka.

Babban abin da begen ke ɓoyewa shi ne raunin masana'antar kanta. Muna cewa "motar Kaduna," amma haɗawa ake yi a Kaduna. Taya da batir da gilashi da kujeru da fenti ana iya samu a gida, inji da giya da ƙarfen jiki kuwa daga Faransa suke zuwa, kuma da kuɗin waje ake biya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Da farashin ɗanyen mai ya fara faɗuwa a 1981, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasisin shigo da kaya ya zama wahala, aiki ya ja baya a Kakuri. Sai shirin gyaran tattalin arziki na SAP na Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, cikin ɗan lokaci dala ta koma wajen naira 4, ta ci gaba da hawa ba ta waiwayo ba. Farashin sabuwar mota ya bi dala, albashi ya tsaya a naira. Daga nan ma'aikaci ya fita daga layin masu saye, aka bar gwamnati da manyan kamfanoni. Shi kuma ya juya ga motocin hannu da ke shigowa daga Turai, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, ya tarar Honda da Toyota sun fi ƙarancin shan mai, ga sanyi, ga arha. Da gwamnati ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, ta rage saya wa ma'aikatanta motocin ofis, babban mai cinikin ma ya janye. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga kamfanin ASD Motors, a 2012 hukumar AMCON mai karɓo basussukan bankuna ta karɓe shi saboda bashi. A tsakanin nan Michelin ya rufe masana'antar tayarsa a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008. Ajaokuta, da aka ce ita za ta ba da ƙarfe, har yau ba ta bayar ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne in na tuna Koriya ta Kudu. Kamfanin Hyundai ma da haɗa motar wasu ya fara, Ford Cortina, a 1968. Ƙasar ta gina masana'antar ƙarfenta, POSCO, ta fara aiki a 1973. A ƙarshen 1975, shekarar da aka buɗe Kakuri, Hyundai ya fito da motarsa ta kansa, Pony. Ko kusa ba ta kai 504 kyau ko ƙarfi ba, amma tasu ce, kuma sun yi ta gyara ta har suka kai inda suke. Mu mun samu mota mafi inganci, mun yi shekara talatin muna ɗaure mata kusoshi, ba mu taɓa mallakar zanenta ko injinta ba. Kanikawanmu sun san 504 ciki da bai, maƙeran Panteka suna iya kwaikwayon abubuwa da yawa na jikinta, amma babu wata manufa da ta ɗauki wannan ilimi ta ɗora shi a kan turba.

Ko da Kakuri ta tsira, irin wannan mota ta riga ta rasa kasuwa a duniya. Fijo 505, wadda aka fara a 1979 aka daina a Turai a 1992, ita ce salun ta ƙarshe da Peugeot ya yi mai tura tayoyin baya. Ford ya daina Scorpio a 1998, Opel ya daina Omega a 2003, Peugeot ya daina 607 a 2010. Mai kuɗi a Turai ya koma Marsandi da BMW da Audi, mai iyali ya koma jif, har ta kai fiye da rabin sabbin motocin da ake sayarwa a can jif ne. Mu ma mun bi sahu: babban mutum yana cikin Prado ko Land Cruiser, mai iyali yana cikin Sienna, tasha ta koma Sharon da Golf da bas. Akwai wani abu da aka rasa a nan wanda ba na inji ba ne. Tsohuwar salun a ƙasa take, gilasanta manya ne kuma farare, wanda ke ciki ana ganinsa, dole ya ɗaga hannu in ya zo wuce majalisa, dole ya tsaya in ya ga dattijo a ƙasa. Jif mai baƙin gilashi tana wucewa ne ba ka san ko wane ne a ciki ba, shi kuma bai ga dalilin rage gudu ba.

Riƙe 504 ko tsohuwar Marsandi a yau sai mai so na gaske. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, mota mai kafireto ta zama ta fita Juma'a da ranar Salla. Kayan gyara na asali sai an tona a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kanikawan da suka iya saita ta da kunne suna ta tsufa, yaransu sun koma koyon na'urar gwaji don a nan abinci yake. Ina jinjina wa 'yan tsirarun da suka ƙi sayar da ta mahaifinsu, suna tayar da ita duk mako don kada injin ya kwanta, kuma ina ganin ya kamata a ce Kaduna tana da wurin da aka ajiye 404 da 504 da 505 da aka haɗa a garin, yara su je su gani da idonsu.

A 2022 an sake fara haɗa Fijo a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, haɗin gwiwar Dangote da Peugeot da wasu gwamnatocin jihohin Arewa. Abin farin ciki ne, kuma ina yi mata fatan ɗorewa. Amma har yanzu manyan kayan daga waje suke zuwa da dala, farashin kuma ya fi ƙarfin duk wanda ke jiran ƙarshen wata, ga bashin banki da ruwansa ya haura kashi ashirin cikin ɗari, wanda da yawa daga cikinmu ma ba za su taɓa shi ba saboda addini. Shugaban makarantar sakandare na yau, in ya yi shekaru yana adashi ya haɗa da kuɗin gona, abin da zai iya saye shi ne motar da wani ya yi shekara goma sha biyar yana hawa a Amurka ko Jamus kafin a lodo ta a jirgin ruwa.